Hutun Iyali da Karaban a Gaɓar Tekun Arewacin Ingila: Tambayoyi da Amsoshi

Shekara uku ke nan a jere, duk dogon hutu sai mu ɗaura karaban a bayan mota, ni da uwargida da yara uku, mu bar Leeds mu nufi bakin teku. Tun dawowarmu ta farko 'yan'uwa ke tare ni da tambayoyi, wasu a harabar masallaci bayan Juma'a, wasu a wajen suna, wasu ta waya da tsakar dare. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan. Abin da na sani hanyar gaɓar Yorkshire ce zuwa Northumberland, don haka a kanta zan tsaya.

Wai mene ne karaban ɗin nan? Mota ce ko ɗaki?

Ɗaki ne mai taya, ba shi da inji, mota ce ke jan sa. A ciki akwai gadaje, da murhun gas, da firji, da ɗan banɗaki mai shawa, da kujerun da ke komawa gado da dare. Mun saba cewa wayar tafi-da-gidanka da kotun tafi-da-gidanka, to wannan shi ne tafi-da-gidanka na zahiri. Kalmar ma asalinta daga Farisanci take, ma'anarta ayarin fatake, shi ya sa a gidanmu wurin da ake kwana muke ce masa zango, ni kuma yara suka laƙaba mini madugu. Tsohuwar al'ada ce a nan. Tun 1885 aka ƙera wa wani likita, William Gordon Stables, irinsa na yawon shaƙatawa, dawakai ke jan sa.

Iri uku ne mutane ke rikitawa. Akwai na ja, wanda nake magana a kai. Akwai wanda injinsa ke jikinsa, wato babbar mota ce da aka mayar ɗaki. Sai kuma na girke, wanda aka dasa a zango ba ya motsi, haya kawai ake kamawa. Amfanin na ja shi ne idan ka isa zango sai ka kwance shi, ka ɗauki motarka ka shiga gari hankali kwance. Mai babbar mota kuwa, ko burodi zai sayo sai ya tattara kofuna da tukwane ya tafi da gidan gaba ɗaya.

Malam, lasin da nake da shi ya isa, ko sai na sake jarrabawa?

Idan lasin Birtaniya ne na ƙaramar mota, ya isa. Daga ranar 16 ga Disamba 2021 aka soke jarrabawar jan tirela a Ingila da Wales da Sikotland, yanzu mai lasin mota yana iya jan abin da nauyinsa bai wuce kilo 3,500 ba. Mai lasin Najeriya ko Nijar yana da wata 12 daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar, bayan nan sai ya ci jarrabawar tuƙi ta Birtaniya. Ni dai ban ba wanda bai saba da tuƙin hannun hagu ba shawarar ya fara da jan karaban. Kuma ko da doka ta yafe jarrabawa, kwas ɗin kwana ɗaya ko biyu da ƙungiyoyin masu karaban ke shiryawa ya cancanci kuɗinsa. A nan ne za ka yi kuskuren ribas a fili, babu mai kallo sai malami.

Motata za ta iya ja?

Wannan ce tambayar da ya kamata ta zo farko, amma kullum ita ake barin wa ƙarshe. Mutum ya ga karaban mai kyau ya biya, sannan ya tuna da mota.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda ta ja, yana cikin littafinta, kuma wuce shi laifi ne. Bayan wannan akwai ƙa'idar da masu harkar ke bai wa sabon shiga: nauyin karaban da kayansa kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya. Idan motarka kilo 1,700 ce, ka nemi karaban da bai haura 1,445 ba. Ba doka ba ce, hikima ce, don kada wutsiya ta riƙa kaɗa kare.

Sai maganar kaya, kuma a nan ne mu Hausawa muke faɗawa. Karaban na iyali galibi abin da aka bar maka na kaya bai wuce kilo 150 da ɗan wani abu ba. Rumfa, batir, tukunyar gas, barguna, duk a ciki. A tafiyarmu ta farko uwargida ta fito da buhun shinkafa mai kilo 10, da jarkar man gyaɗa, da tukunyar da ake dafa abincin suna a ciki, da doya guda huɗu. Na kawo sikelin banɗaki muka riƙa aunawa ɗaya bayan ɗaya a ƙofar gida, tana harara ina rubutawa. Rabin kayan but ɗin mota suka koma. Masu nauyi da suka rage a ƙasa ake jera su, daidai kan tayoyi, ba a ƙarshen baya ba, ba kuma a durowoyin sama ba. Da wannan sikelin da guntun katako ake auna nauyin da hancin karaban ke ɗora wa ƙugiyar mota, wanda ake so ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinsa, muddin bai wuce abin da ƙugiyar ke ɗauka ba.

In saya ko in yi haya?

Ka fara da haya. Mafi sauƙi ma ka kama na girke na kwana uku, ka ga ko iyalinka za su iya zaman ɗaki ɗaya ba a yi faɗa ba. Akwai gidajen da kwana biyu ya ishe su gane cewa otal ne nasu, kuma ba aibi ba ne.

In ka yanke shawarar saye, na hannu ya wadatar, amma babban abokin gabarsa danshi ne. Ruwa kan shiga ta gefen taga ko rufi ya ruɓar da katakon bango ba ka gani. Ka shiga ka shaƙa, ka danna kusurwoyi da yatsa, ka nemi takardar gwajin danshi ta kwanan nan. Ka duba lambar rajistar CRiS, wato tsarin rajistar karaban na Birtaniya, da ke jikin tagogi, don ka tabbatar ba na sata ba ne kuma babu bashi a kansa. Tayoyi kuma shekarunsu ake dubawa, ba zanensu ba: bayan shekara 5 a canza, kada su wuce 7 ko da sun yi kama da sababbi. Karaban ba ya biyan harajin hanya, amma akwai inshora, da sabis na shekara, da kuɗin wurin ajiya idan ƙofar gidanka ba fili. Mai kuma mota za ta sha shi fiye da yadda ka saba.

Wace hanya kuka bi, kuma me ke can?

Zango uku muka yi cikin kwana 11.

Na farko kusa da Bridlington. Daga nan muka je Bempton, inda duwatsun alli suka miƙe kusan mita 100 daga ruwa, tsuntsayen teku kusan rabin miliyan ke taruwa su yi sheƙa a lokacin zafi. Kafin ka gan su za ka ji ƙararsu, kafin ƙarar kuma warin kashinsu. Muka leƙa Filey, mai dogon rairayi da ya dace da ƙananan yara, sannan Scarborough, garin da mutane suka fara zuwa shan ruwan magani tun 1626. A rairayin Scarborough ne na ga abin da har yau nake dariyarsa. Jakuna ne a jere, an yi musu kwalliya, kowanne da sunansa a linzami, yara na layi ana biyan kuɗi a hau na 'yan mintuna. Autarmu ta kafe sai ta hau. Ni da na taso ina kora jaki zuwa gona da mangala, ga ni na zaro fam na biya, har ina ɗaukar hoto. Da na tura wa Inna hoton a gida, abin da ta ce kawai shi ne Allah ya shirya.

Zango na biyu a bayan Whitby. Garin masunta ne a bakin kogin Esk, da kangon tsohon gidan ibada a kan tudu wanda aka fara kafawa a 657. Matakala 199 ake hawa zuwa can, yara suka ƙirga suka samu 201, aka sauko aka sake. A wannan gari James Cook, shahararren matuƙin jirgin ruwa mai binciken ƙasashe, ya koyi aikin jirgin ruwa daga 1746, kuma a nan aka ƙera jirginsa Endeavour. Kudu kaɗan akwai Robin Hood's Bay, ƙauyen da lungunansa suka fi na tsohon birnin Kano matsi. A saman tudu ake barin mota a gangara da ƙafa, dawowar ce aiki.

Daga Whitby muka miƙa arewa ta hanyar A19, muka bi ramin da ya ratsa ƙarƙashin kogin Tyne. Babu shingen karɓar kuɗi, ta intanet ake biya kafin sha biyun daren washegari, kuma mantawa tara ce. Zango na uku kusa da Seahouses, wanda a ganina shi ne kan tafiyar. Rairayin Bamburgh fari ne, mai faɗi, babu cunkoso, ga ƙaton gidan sarauta na dutse yana kallon teku. Daga Seahouses ake shiga kwalekwale zuwa tsibiran Farne a ga karnukan ruwa kwance kan duwatsu, da wasu tsuntsaye masu baki kala-kala da ke barin wurin wajen ƙarshen Yuli. A Bamburgh akwai ɗan gidan tarihi na Grace Darling, 'yar mai gadin fitilar teku, wadda a 1838 ta tuƙa kwalekwale da mahaifinta cikin guguwa suka ceto mutum 9. 'Yata ta fari ta daɗe a wurin. Sai Craster, inda ake bandar kifi da hayaƙin itace, ƙanshin ya mayar da ni kasuwar kifi ta gida. Daga ƙauyen ake takawa mil ɗaya da 'yan kai ta bakin ruwa, cikin tumaki, zuwa kangon Dunstanburgh da aka fara ginawa a 1313.

Kwana 11 zango uku kacal? Ai da ni ne sai na zaga har Sikotland.

Haka na ce a shekarar farko, muka yi zango shida cikin kwana tara, muka dawo kamar waɗanda suka yi aikin gayya. Kowace ƙaura tana cin yini. Za ka kwance rumfa, wataƙila jiƙaƙƙiya, ka zubar da ruwa, ka wanke tankin banɗaki, ka ɗaure komai, ka ɗage ƙafafu, ka haɗa ƙugiya da wayar fitilu da igiyar birki, ka yi tuƙin awa biyu ko uku, sannan ka maimaita duka a juye. Yara ba su riƙe sunan gari ko ɗaya ba daga waccan tafiyar, abin da suka riƙe shi ne Baba yana faɗa. Yanzu ƙa'idata kwana uku ko huɗu a kowane zango, kuma ranar ƙaura ba a shirya mata komai. Abin da yara ke so shi ne su san hanyar famfo, su yi abokai a filin wasa, su koma tafkin da suka ga ƙaguwa jiya su duba ko tana nan.

Tuƙin fa? Ba ya da haɗari?

Yana da dokokinsa. Gudun mai jan karaban mil 60 ne a awa a manyan hanyoyi masu raba hannu, mil 50 a hanya mai hannu biyu ba rabe. Ba a shiga layin ƙarshe na dama a babbar hanya mai layi uku ko fiye. Dole a ɗaura ƙarin madubai idan karaban ya fi mota faɗi, rashinsu na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000 da maki 3 a lasin. Lambar da ke bayan karaban irin ta motar ce. Kuma ba a ɗaukar kowa a cikinsa yana tafiya, komai roƙon yara.

Abin tsoro ɗaya ne, wato lokacin da karaban ya fara rawa hagu da dama, galibi a gangara ko idan tirela ta wuce ka da iska. Zuciya za ta ce taka birki. Kada ka taka. Ka ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, gudu ya ragu da kansa. Ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya a babbar hanyar A1, daƙiƙa biyar ne wataƙila, amma salatin da aka yi a motar ya isa na mako.

Kada kuma ka miƙa wa taswirar waya wuyanka, ba ta san kana jan ɗaki ba. A hanyar A170 tsakanin Thirsk da Helmsley akwai hawan Sutton Bank, mai tsananin kashi 25 cikin 100, an haramta wa karaban bin sa, akwai alamun da ke nuna hanyar zagaye. Kowane zango yana rubuta hanyar da ya kamata a biyo zuwa ƙofarsa, ita za ka bi.

Ribas kuwa sai haƙuri. Ka juya sitiyari dama karaban ya tafi hagu. Ku yi yarjejeniya da uwargida kan alamun hannu tun a gida, kuma ta tsaya inda kake ganin ta a madubi. “Zo, zo, zo, tsaya!” ba ya aiki idan gilashi a rufe yake.

Ba zan iya tsayawa a bakin teku kawai in kwana ba?

A'a. A Ingila kusan kowane fili yana da mai shi, kwana ba izini ba ya halatta, kuma wuraren ajiye mota na bakin teku galibi sun rubuta hana kwana. Ko a Sikotland, dokar 2003 da ta ba mutane damar kafa tanti a daji ba ta haɗa da mota ba.

Zangon iri-iri ne. Akwai manyan wuraren hutu masu wurin ninkaya da mashaya da kiɗa da dare, yara na son su, ni ban cika so ba. Akwai na ƙungiyoyi biyu, Camping and Caravanning Club da aka kafa a 1901, da Caravan and Motorhome Club ta 1907, masu tsabta da tsari, wani lokaci har tsarin ya yi yawa. Sai ƙananan zangon gona da ƙungiyoyin ke ba izini, inda karaban biyar kawai ake karɓa, na mambobi. Famfo ne da wurin zubar da ƙazanta, wani lokaci da lantarki, sai shanu a bayan shinge. Sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma ga iyalin da ke son sirri babu kamarsu. Na Agusta tun cikin hunturu ake kama su.

Yaya, ni banɗaki ne damuwata. Da ruwa da wuta yaya ake yi?

Hajiya, ke ce kika yi tambayar da maza ke kunyar yi. Ruwa a wata ganga mai lita 40 ake ɗebowa daga famfo, ana mirgina ta a ƙasa, aikin yara ne kuma suna rububinsa kwana biyun farko. Ruwan wanke-wanke yana taruwa a wata gangar daban. Masai yana da tanki da ake zarowa ta waje, a kai wurin da aka keɓe a zubar a ɗauraye. Mu masu tsarki da ruwa tankinmu yana cika da wuri, kullum ne ko bayan kwana biyu, kuma a gidanmu wannan aikin madugu ne, ba a taɓa yi mini takara ba. Da rana a yi amfani da banɗakin zango, a bar na ciki don dare. Ku tafi da buta biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta zuwa waje, da silifas na roba. A bar wurin a bushe yadda aka same shi, don jiƙa daɓe na cikin abubuwan da ke sa a yi da mu.

Wuta ana jona ta daga wani turke da ke gefen filinka, amfiya 16 ko 10. Mai 10 abin da zai ɗauka wat 2,300 ne, butar lantarki ta gida kuwa ita kaɗai tana kai 3,000. Daren farko a wani zango uwargida ta kunna buta, hita na aiki, babbar 'yarmu na busar da gashi, sai ɗif. Na fita da tocila cikin yayyafi ina laluben makunni, maƙwabcinmu dattijo ya leƙo ya nuna mini ba tare da ya ce uffan ba. Washegari muka sayi ƙaramar buta.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada a shigar da murhun gawayi cikin karaban ko rumfa, ko da ya yi kamar ya mutu, ko da sanyi ya dame ku. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. A tabbatar na'urar gargaɗin wannan iska tana aiki kafin a bar gida.

Abincin halal fa?

Nan ne karaban ya fi otal, kicin ɗinki na tare da ke. Garuruwan bakin tekun nan ba su da mahautan halal sosai, don haka daga gida ake guzuri. Uwargida kan dafa miya kala uku ta daskarar, su ne ƙanƙarar akwatin sanyi a hanya, su ne abincin kwana ukun farko. Dambun nama, yaji, garin kunu, busasshiyar kuɓewa, kuskus, duk ba su da nauyi. A tsakiyar tafiya ana sake cika firji a Middlesbrough ko yammacin Newcastle, inda shagunan halal suke da yawa.

Kifi da dankali shi ne abincin bakin teku, amma a yi tambaya biyu kafin a saya. A Yorkshire shaguna da yawa da kitsen shanu suke suya, ba man gyaɗa ko na ganye ba, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya. Ka tambaya kai tsaye, sun saba, za su gaya maka gaskiya. Idan ka samu ka saya, ka ci da ido a sama. Tsuntsayen teku na Whitby da Scarborough sun fi shirwa iya fizge, ɗaya ya ɗauke wa ɗana kifi daga hannu yana shirin kai wa baki. Doka ta kare su, sai dai ka yi Allah ya isa.

Salla ba ta wahala?

Wurin yi ba matsala, a rumfa muke shimfiɗa tabarma mu yi jam'i. Alƙibla kudu maso gabas take, wajen digiri 119. Lokaci ne ke da wuya. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Northumberland sai wajen goma saura na dare, ta fito kafin huɗu da rabi, kuma akwai makonnin da shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Mu jadawalin masallaci mafi kusa muke bi. A Agusta abin ya fi sauƙi. Maganar ƙasaru, a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48 ana yi, amma niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya tana yanke shi, kuma zamanmu a zango yana yawo ne daidai wannan iyaka. Ka zauna da malaminka da jadawalin tafiyar a hannu kafin ka tashi.

Juma'a a shirya ta da ranar da ake kusa da babban gari. In ta kama ka wajen Tyne, ka je South Shields. Ma'aikatan jirgin ruwa 'yan Yaman sun zauna a garin tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a masallacinsu na Al-Azhar ne aka sa wa auren ɗan dambe Muhammad Ali albarka a 1977.

Yaranmu ba su iya ruwa ba. Teku ba za ta cinye su ba?

Tsoron yana da kyau, a riƙe shi. Yawancinmu mun taso nesa da teku, ba mu san halinta ba. Ruwan nan yana cikowa ya janye sau biyu a yini, kuma a wuri mai shimfiɗa yana dawowa da sauri, ya zagayo ta bayanka ya raba ka da tudu. Kafin a sauka ƙarƙashin duwatsu irin na Robin Hood's Bay a duba jadawalin cikowa da janyewar teku na ranar.

A yi wanka a rairayin da ke da masu ceto na RNLI, ƙungiyar ceton rai a teku, tsakanin tutoci masu ja da rawaya. Jar tuta zalla tana nufin kada a shiga. Idan an ɗaga jakar iska mai ruwan lemo, iska na turawa cikin teku, kada a sa yaro a kan balan-balan ɗin ninkaya. Ruwan Tekun Arewa ko a Agusta da ƙyar yake wuce digiri 15, sanyin na iya ɗauke numfashin babba. Wanda ya faɗa ciki ya kwanta rigingine ya buɗe hannuwa har numfashi ya dawo, kada ya yi kokawa. Wanda ke tudu ya kira 999 ya nemi masu gadin teku, kada ya bi shi. A sa wa yara takalmin ruwa saboda wani ɗan kifi mai ƙaya da ke ɓuya a rairayi. In ya soki mutum, a tsoma ƙafar a ruwa mai zafi gwargwadon abin da za a iya jurewa na aƙalla minti 30.

A wannan babin ne maganar Holy Island take. Tsibiri ne a arewacin Bamburgh, inda aka kafa gidan ibada a 635, mahara daga arewacin Turai suka far masa a 793. Kwalta ce ta haɗa shi da tudu, kuma teku na rufe ta sau biyu a yini. Hukumar Northumberland na wallafa lokutan tsallakawa, an kuma kafa su a bakin hanyar. Duk da haka ana samun masu cewa ai zan wuce, su ƙare a ɗan akurkin ceto da ke kan turaku suna kallon motarsu na nutsewa. Ka bar karaban a zango, ka shiga da wuri, ka fito da saura.

Ba a kallon ku? Ga hijabi, ga baƙar fata, a ƙauyen Turawa.

Ana kallo, musamman ranar farko, kuma sau da yawa mu kaɗai ne baƙaƙe a zangon. Amma mutanen karaban suna da wata ɗabi'a: duk wanda suka ga yana fama da ribas ko rumfa nasu ne. Da aron guduma ake fara magana. Mun taɓa haɗuwa da wanda ya ɗaure fuska har muka tashi, mun kuma haɗu da tsohuwar da ta biyo ƙanshin miyar kuka ta tafi da kwano. Abin da ke ɓata zama shi ne hayaniya bayan goma ko sha ɗaya na dare, da ratsa filin wani, da matsowa kusa, don tazarar mita 6 tsakanin karaban da karaban ƙa'idar kariya daga gobara ce. Muryarmu a waya da 'yan gida tana da ƙarfi, bangon kuma siriri ne.

Karnuka kuwa suna da yawa, kusan kowane karaban da nasa. Ƙa'ida ce a riƙe su da igiya a cikin zango. Idan yaranka na tsoro, ka faɗa lokacin kama wuri a ba ka nesa da filin da ake sake su.

Wane lokaci ya fi, kuma in aka yi ruwa fa?

Dogon hutun makarantun Ingila daga ƙarshen Yuli ne zuwa farkon Satumba, lokacin ne kuma komai ke tsada. Kada arahar Yuni ta ja ka ka cire yara daga makaranta: tun Agustan 2024 tarar fam 80 ce a kan kowane yaro ga kowane mahaifi, ta koma 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba. Hutun mako guda na ƙarshen Mayu ya fi sauƙin kuɗi, tsuntsayen Bempton da Farne kuma suna nan a cike, sai dai dare da sanyi.

Ruwa kuwa za a yi shi, ba in ba ne. Gaɓar gabas ta fi ta yamma bushewa, amma tana da wani hazo da ke tasowa daga teku ya rufe gari da rana tsaka, alhali mil biyar cikin tudu rana ce tarwai. In ka tashi ka ga haka, ka ɗauki mota ku shiga Alnwick ko ku hau tsaunukan bayan Whitby. Kowa ya zo da rigar ruwa da takalmin roba, a ajiye su a rumfa kada laka ta shiga ɗaki. A zo da ludo da kati. Ranar da ruwa ya hana mu fita gaba ɗaya kusa da Seahouses, uwargida ta dama kunun gyaɗa ta soya ƙosai, ruwa na dukan rufi kamar kwanon gidanmu na Zariya a watan Agusta, na koya wa yara dara da duwatsun da suka tsinto a bakin teku, a kan kwalin da na zana wa gidaje da biro. Auta ta cinye ni sau biyu, na ce na bar mata ne.